Tsohuwar Riga da Mabuɗin Majami'a

Da wuya a shiga ɗakin tsoho ko tsohuwa a ƙasar Hausa a rasa adaka a bayan gado. In aka buɗe ta, aka ɗaga kayan da ke sama, can ƙasa za a tarar da wata tufa wadda ba a sawa, ba a kyauta da ita, ba a kuma yarda a yar da ita. Wata zanen aurenta ne, wani wandon da ya je cin rani da shi, wani kuwa hular da ubansa ya bari. Yara sukan yi dariya su ce tsumma ce. Mai abin kuwa, wanda ya taɓa ta kamar ya taɓa masa ƙwayar ido. Hausawa sun ce sabo turken wawa, amma ba sabo kaɗai ke ɗaure mutum ga tsohuwar rigarsa ba. Ya kamata mai bi ya bincika wannan al'amari, gama Ubangiji Yesu da kansa ya gargaɗi almajiransa a kan tara dukiyar da asu da tsatsa suke ci (Matiyu 6:19). To, mai bi wanda ya ɓoye tsohuwar riga shekara da shekaru, laifi yake yi ko kuwa? Labarin wani dattijo na ƙasar Arewa zai taimaka wajen ba da amsa.

Dattijon nan yana zaune a wani ƙauye cikin Dallol Mawri, ba nisa da Dogon Dutsi, garin da ke kimanin kilomita 270 gabas da Yamai. Yau shekarunsa sun haura 80. A 1947 ne aka kafa mishan a Dogon Dutsi, shi kuwa yana cikin yaran ƙauye da suka shiga makarantarta a shekarun farko. Ubansa Ba'are ne mai riƙon al'adar kaka da kakanni, shi ne ke yi wa iskokin gidansu yanka kafin a yi shuka. Ya bar yaron ya je makaranta domin ya iya karatun takardar haraji, bai yi zaton abin zai wuce nan ba. Ran da yaron ya zo ya durƙusa ya ce yana neman baftisma, sai uban ya ce masa, "In ka yarda aka zuba maka ruwan Nasara, kada hannunka ya ƙara shiga akushina."

Uwarsa ba ta ce kome ba a ranar. Amma ta ji ana cewa wanda za a yi wa baftisma farar riga yake sawa, ta kuwa san ɗanta ba shi da kome sai taguwa guda mai datti. Da kaka ta yi, sai ta tsinko auduga a 'yar gonarta, ta gurje ta, ta shiɓe ta da baka, ta zauna kaɗi da mazari dare bayan dare a hasken wutar kara, tana shafa alli a yatsunta. Ta kaɗa zare mai ƙarfi, ta kaɗa abawa mai laushi, ta kai wa masaƙi a ɓoye, ta biya shi da geron rumbunta. Masaƙi ya saƙa ƙwarya ƙwarya, faɗin kowace bai wuce yatsa huɗu ba, maɗinki ya harhaɗa su da allura. Aikin ya ci tun daga kaka har bazara. Ana saura kwana biyu Ista ta shekarar 1960, wato 'yan watanni kafin Nijar ta sami mulkin kanta ran 3 ga Agusta, sai ta kira shi bayan danga, ta miƙa masa ƙunshi, ta ce, "Hanyar nan da ka bi, ni ban san ta ba. Amma ba za ka tsaya gaban Allahnka da tsumma ba ina da rai."

Matar nan ba ta taɓa taka ƙofar majami'a ba har ta rasu. Rigar ce kaɗai abin da ya rage daga hannunta.

Bayan 'yan shekaru aka sa saurayin ya zama katikis na ƙauyensu da ƙauyuka uku na kewaye. Fada ba ya samun zuwa sai jifa jifa, saboda haka shi ne mai buɗe majami'a, shi ne mai buga ƙararrawa, wato tsohon ƙarfen ƙafar mota da aka rataye a itacen dogon yaro, shi ne mai karanta Maganar Allah, mai koya wa masu neman baftisma, mai addu'a a bakin kabari. Da fari kowace Lahadi da rigar yake tsayawa gaban jama'a. Da ya ga wuyanta ya soma sakewa, sai ya mai da ita ta Kirsimati da Ista kawai.

Wanda ya iya karatun tufa, in ya shimfiɗa rigar nan zai karanta tarihin ƙasar a jikinta. Akwai maho a kafaɗar dama, inda igiyar buhu ta cinye ta a farin 1973 da 1974, lokacin da yake ɗaukar dawar taimako daga mota zuwa majami'a domin a raba wa mabukata, Kirista da Musulmi da Arna baki ɗaya. Akwai tabon da bai fita ba har yau a gefen aljihu, na yunwar 1984, wadda mutane suka laƙaba wa suna El Buhari saboda rufe iyakar Nijeriya da aka yi a shekarar. A waccan shekara ya sayar da awakinsa da kekensa, har ya kai ga ɗaukar rigar zuwa kasuwa. Ya wuni da ita a hannu, wanda ya fi kowa tayi ya ce tiya biyu ta gero. Ya tsaya yana duban geron, yana duban rigar, yana tunanin 'ya'ya biyar a gida. Allah ya kawo wani maƙwabcinsa Musulmi ya ranta masa tiya biyun, ya ce, "Malam, koma da rigarka gida, wannan ba ta kasuwa ba ce."

Daga baya zamani ya juya. Yadin kanti ya yi arha, mata suka ajiye mazari, masaƙa suka naɗe kayansu ɗaya bayan ɗaya. A watan Janairu 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, tamma 50 da ke sayen faran guda na Faransa ta koma 100, sabon yadi ya gagari talaka, sai kowa ya koma ga dilolin gwanjo da aka riƙa saukewa a tashar jirgin ruwa ta Kwatano. Rigar gwanjo kuwa ba wanda ya san mai ita na fari, ba wanda ya san hannun da ya ɗinka ta. In ta yage a yar, a sayi wata. Yaran da suka tashi cikin wannan hali ba laifinsu ba ne in sun kasa gane abin da ke sa tsoho ya fito da riga sau biyu a shekara, ya shanya ta a inuwa, ya kakkaɓe, ya sa mata kafur saboda asu da gyare, ya naɗe ya mayar.

Amma riga tana da wani aiki wanda mai ita bai roƙe ta ba, wato ita ce ma'aunin jikinsa. Riga ba ta girma, ba ta raguwa, mai ita ne ke sakewa. Ran da aka yi masa baftisma ta yi masa yawa kaɗan, gama uwarsa ta sa an bar wuri domin girma. Da ya kai shekara 40 sai ta cika shi cif, har kafaɗa tana ja. Yanzu kuwa in ya sa ta sai ta zubo kamar an rataye ta a kan sanda, bakinta yana sharar ƙasa, gama bayansa ya tanƙware, naman kafaɗa ya zube. Jikarsa, wadda ke wasan jika da kaka da shi, takan ce, "Angona, wannan rigar aro ce? Ina mai ita ya tafi?" Yakan yi dariya ya kai mata dukan wasa, amma maganar tana sukarsa, domin ya san gaskiya ce. Mai rigar nan, saurayin da ke taka sayyada daga ƙauye zuwa ƙauye cikin rana, ya riga ya tafi.

Ba rigar kaɗai dattijon ya riƙe ba. Ya riƙe mabuɗin majami'a, ya riƙe littafin karatu, ya riƙe sandar buga ƙararrawa. Idonsa ya yi hazo, yakan tsallake layi bai sani ba. Kunnensa ya yi nauyi, yakan ta da waƙa mata suna tsakiyar wata. Wata Lahadi ya karanta nassi guda sau biyu. Wata rana a bakin kabari ya kira sunan ƙanen mamaci maimakon na mamacin, ƙanen kuwa yana tsaye a wurin, mata suka fashe da kuka. Ikilisiya ta riga ta aika da wani saurayi ya koyo aikin katikis, ya komo da takardarsa, amma shekara uku yana zaune a benci, ba a ba shi ko da karatu guda ba. Fada ya yi wa tsohon magana cikin ladabi sau biyu, ya ce, "To, mu ga bayan damina." Samari suka soma janye jiki. Waɗansu suka ce sai an karɓe mabuɗin da ƙarfi, waɗansu dattawa suka ce wanda ya taɓa Malam su ma sun bar majami'a. Ƙaramar ikilisiyar da ya yi shekara fiye da 50 yana ginawa ta kama hanyar tsagewa biyu, shi ne kuwa sanadi.

'Yarsa da ke aure a Yamai ta zo ganin gida, ta kawo masa sabuwar shadda ɗinkakkiya. Ta ce, "Baba, ku ba ni tsohuwar nan in ƙone ta, kunya take ba mu. Ku kuma huta hakanan, aikin ya ishe ku." Ya dube ta ya ce, "Ran da kika ƙone ta, ki haɗa da ni." Ta koma Yamai da fushi, shaddar kuwa ba a ko warware ta ba.

A nan ya kamata a dakata a duba Littafi Mai Tsarki, gama bai yi shiru a kan tufafi ba. Manzo Bulus, yana tsoho yana kurkuku, ya rubuta wa Timoti ya taho masa da alkyabbar da ya bari a Taruwasa a wurin Karbus, ya kuma yi ƙoƙari ya iso kafin lokacin sanyi (2 Timoti 4:13, 21). Mutumin da ya yi hasarar kome saboda Almasihu bai ji kunyar tambayar tsohuwar alkyabbarsa ba. A Yafa, da Dokas ta rasu, gwauraye mata suka kewaye Bitrus suna kuka, suna nuna masa riguna da tufafin da ta ɗinka tun tana da rai (Ayyukan Manzanni 9:39). Bitrus bai tsauta musu ba. Tufafin nan su ne shaidar ƙaunarta, a kan wannan shaida kuwa ya durƙusa ya yi addu'a. Hannatu ma kowace shekara takan ɗinka wa ɗanta Sama'ila 'yar riga ta kai masa Shilo (1 Sama'ila 2:19). Ashe ƙaunar uwa da aka saƙa cikin zare ba baƙon abu ba ce a wurin Allah. Wanda ya adana riga domin ta tuna masa da alherin Allah da na mutane, bai yi zunubi ba.

Amma akwai wata riga a Littafin Farawa sura 37. 'Yan'uwan Yusufu suka tsoma rigarsa cikin jinin bunsuru suka kai wa Yakubu. Tsohon ya gane rigar, ya gaskata abin da ta faɗa masa, ya ƙi ta'aziyya. Fiye da shekara 20 yana makokin ɗan da ke raye a Masar, inda Allah ke shirya ceton gidansa duka. Rigar ta Yusufu ce da gaske, amma labarin da ta bayar ƙarya ne. Haka tsohuwar riga takan yi wa mai tsufa. Takan raɗa masa cewa alheri duka yana baya, aikin Allah ya ƙare ran da ƙarfinsa ya ƙare, na bayansa kuwa ba za su iya kome ba. Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. In tunawa ta hana mutum ganin abin da Allah yake yi yau, ta zama tarko.

Tun da idon dattijon ya raunana, jikarsa ce ke karanta masa Littafi da dare, suna bi sura sura. Wata rana suka kai Littafin Ƙidaya sura 20. A nan ne Allah ya umarci Musa ya hau Dutsen Hor da Haruna da ɗansa Ele'azara. Haruna yana da shekara 123, ya yi kusan shekara 40 yana sa tufafin babban firist, masu duwatsu 12 a ƙirji da ƙararrawar zinariya a baki. Suka hau dutsen a idon jama'a duka. A can Musa ya tuɓe wa Haruna tufafin, ya sa wa Ele'azara, sa'an nan Haruna ya rasu. Dattijon ya ce wa yarinyar ta sake karantawa. Ta sake. Ya ce, "Ashe da ransa aka tuɓe masa. Da idonsa ya ga rigar a jikin ɗansa." Bai ƙara magana ba a daren.

A cikin azumin wannan shekara akwai wani yaro cikin masu shirin baftisma, wanda danginsa suka kore shi saboda bangaskiyarsa, yana kwana a zauren wani mai bi, ba shi da tufa sai ta jikinsa. Mata suna shawarar yin karo-karo su saya masa farin yadi. Matar dattijon, wadda ta yi shekaru tana kallon mijinta ba ta ce uffan ba, ta same shi yana shanya rigar, ta zauna kusa da shi ta ce, "Malam, in yi magana?" Ya ce, "Yi." Ta ce, "Inna ba don adaka ta kaɗa zaren nan ba. Don yaron da aka kora daga gida ta kaɗa shi. To, ga wani yaron an kora."

Kwana biyu bai fita ba, bai ci abin kirki ba. A rana ta uku ya miƙa mata rigar, ya juya fuska ga bango domin kada ya ga almakashi. Ta warware ɗinkin ƙwarya ƙwarya, ta fid da waɗanda suka ruɓe, ta haɗa masu sauran ƙarfi aka ɗinka wa yaron taguwa. Wani yanki da ya rage aka yi masa baki, aka ajiye a majami'a domin lulluɓe jarirai ran baftismarsu. Ƙwarya guda ce kawai tsohon ya riƙe, ya ce a sa masa ita cikin likkafani.

A daren Ista, da yaron ya fito cikin farar taguwa mai maho a kafaɗar dama, sai dattijon ya miƙe da sandarsa, ya kira sabon katikis gaban jama'a, ya danƙa masa mabuɗi da littafi da sandar ƙararrawa, ya ce, "Ɗana, karɓi. Na riƙe maka su fiye da kima, ka gafarce ni." Saurayin ya durƙusa ya ce, "Baba, ku sa mini albarka." Ya ɗora masa hannu a ka.

Kada mai karatu ya zaci daga nan kome ya zama da sauƙi. Lahadin da ta biyo baya tsohon ya farka da asuba ya lalubi mabuɗi a ƙarƙashin matashi, babu. Ya zauna a benci cikin tsofaffi, hannuwansa sun rasa abin yi. Har yau in sabon katikis ya yi tuntuɓe a karatu, akan ji shi yana gyara masa ƙasa ƙasa. Taguwar ma ba ta daɗe ba, zaren ya riga ya gaji, kafin shekara ta kewayo ta yage. Amma ikilisiyar ba ta tsage ba, samarin da suka janye sun komo, masu neman baftisma kuma sukan zo zaurensa da yamma ya ba su labarin yadda aka soma. Yanzu shaddar 'yarsa yake sawa, jikarsa ce kuwa ke zura masa hannu a ciki, gama kafaɗarsa ba ta ɗaguwa. Yakan ce Ubangiji ya riga ya faɗa wa Bitrus haka, cewa yaro ke ɗaura wa kansa ɗamara ya tafi inda ya ga dama, tsoho kuwa miƙa hannu yake yi wani ya ɗaura masa (Yahaya 21:18). Koyon miƙa hannun nan, in ji shi, ya fi koyon karatu wuya.

Akwai magana a nan domin matasa. Musa bai fizge rigar Haruna a tsakar zango ba. Ya hau dutse tare da shi cikin girmamawa, jama'a kuma suka yi makokinsa kwana 30. Tsohon da ya ƙanƙame riga ko mabuɗi, sau da yawa ba son mulki ke damunsa ba, tsoro ne kada a manta da shi, da waɗanda suka sha wahala dominsa. Kafin a ce masa ya yar da tsumma, a zauna a tambaye shi wa ya ɗinka ta, ina aka sami wannan maho. Da tsohuwar zuma ake magani. Wanda aka saurari labarinsa, sakin abin da ke hannunsa yakan zo masa da sauƙi.

Akwai kuma magana domin dattawa, da waɗanda furfura ta soma leƙo musu a gemu. Mutuwa rigar kowa ce, ba kuwa mai shiga kabari da mabuɗi. Abin da mutum bai bayar da hannunsa ba, za a kwasa a bayansa, ba albarka, ba godiya. Gara ya tuɓe tun hannunsa na da ƙarfin sa wa wani, ya ga abin da idonsa kamar Haruna. Ba zai tsaya tsirara ba, gama Manzo Bulus ya koyar cewa duk wanda aka yi wa baftisma cikin Almasihu, Almasihu ne ya zama suturarsa (Galatiyawa 3:27). Wannan sutura asu ba ya cinta, ba ta yi wa yaro yawa, ba ta kuma zubo wa tsoho.

Allah ya ba tsofaffin ikilisiya zuciyar sakewa, ya ba matasa hannun karɓa da ladabi. Amin.